Faris Ta Baje Kolinmu, Ta Manta Sunan Mai Kaya

Kalmar da Bahaushe ya zaɓa wa taron da ƙasashe ke yi domin nuna abin da suka ƙera da abin da suka noma, daga bakin kasuwa ya ɗauko ta. Ɗan koli shi ne mai yawo da ƙananan kaya, allura da zare da madubi da kwalli da turare. In ya isa kasuwa sai ya shimfiɗa tabarma ya baje su, mai so ya taya. Daga nan aka sami baje koli. A cikin kalmar akwai wani sharaɗi da ba a faɗa don kowa ya san shi: mai kaya shi ke baje kayansa, yana zaune a gefensu, in an tambaye shi daga ina wannan ya fito, wa ya yi shi, sai ya ba da amsa.

Daga 1855 zuwa 1937 birnin Faris ya yi ta shirya baje kolin da duniya ba ta saba ganin irinsa ba. A cikin abin da ya baje har da kayan ƙasar nan ta Gabon da muke zaune a cikinta, har ma da mutanenta. Sharaɗin nan na ɗan koli shi ne bai cika ba. Ina ganin wannan tarihi ya shafe mu, mu Hausawan Libreville, fiye da yadda muke zato, domin akwai wani abu a hannunmu wanda yau ake nema ruwa a jallo a Faris ɗin, mu kuwa muna zaune yana zubewa a gabanmu. Amma sai an bi labarin daga tushe kafin a gane ko mene ne.

A 1889 Faransa ta cika shekara ɗari da juyin juya halinta, ta yi bikin da baje koli. Hasumiyar Eiffel da ake sayar da hotonta a ko'ina, domin wannan taro aka gina ta, ita ce ƙofar shiga. An ƙirga shigar mutane sama da miliyan 32. A wani fili da ake kira Esplanade des Invalides aka gina ƙauyuka na kwaikwayo, aka kwaso mutane daga ƙasashen da Turawa suka mallake aka zuba a ciki: na Senegal, na tsibirin Java, na Sabuwar Kaledoniya, da sauransu. Ɗaya daga ciki an kira shi ƙauyen Pahouin, sunan da Faransawa suka laƙaba wa Fang a wancan zamani. Abin dariya, ko kuwa abin takaici, waɗanda aka zaunar a ciki galibi Adouma ne da Okandé, matuƙa kwalekwale na kogin Ogooué. Allon da ke bakin ƙofa yana faɗin sunan wata al'umma, mutanen da ke ciki 'yan wata al'umma ne dabam, 'yan kallo kuwa ba su da hanyar ganewa, kuma ba su damu su gane ba.

Ba za a ce taron bai haifi komai ba. Mai tsara kiɗa Claude Debussy ya saurari kiɗan mutanen Java a can, kunnensa bai koma yadda yake ba. Mai zane Paul Gauguin ya yi ta zarya a ƙauyukan nan, bayan shekara biyu ya shiga jirgi zuwa Tahiti. Sai dai babban tasirin da ya shafi Gabon ta wani gini ya biyo, fadar Trocadéro, wadda aka gina domin baje kolin 1878. Da aka watse sai aka mai da wani ɓangarenta gidan ajiyar kayan al'ummu. Can aka riƙa zuba abin da matafiya da sojoji da 'yan mishan suka kwaso, har da sassaƙe-sassaƙen mutanen Kota da tawagar Savorgnan de Brazza ta tattara a shekarun 1880: siffofi na itace da aka lulluɓe da farantan tagulla da jan ƙarfe, waɗanda a gida ake kafawa a kan kwandon da ke ɗauke da ƙasusuwan kakanni.

Wajen 1906 wasu samari masu zane a Faris, waɗanda suka gaji da kwaikwayon siffar mutum kamar yadda ido ke ganinta, suka fara lura da waɗannan kaya. Henri Matisse ya sayi wani ɗan sassaƙe na mutanen Vili a wani shagon tarkace da ke titin Rennes. Maurice de Vlaminck ya sami wata doguwar fuskar itace ta Fang, fara fat, mai siririn hanci da ƙananan idanu. A yadda shi kansa ya ba da labari, abokinsa André Derain yana ganinta ya rasa ta cewa, ya saye ta faran 50, kuma a ɗakin aikin Derain ne Matisse da Pablo Picasso suka gan ta. A 1907 Picasso ya shiga Trocadéro, ya kuma kammala zanen nan nasa da ake kira Les Demoiselles d'Avignon, na mata biyar, biyu daga cikinsu da fuskoki kamar an sassaƙa su da gizago. Masana suna ta gardama har yau a kan iyakar abin da ya ɗauka daga Afirka a wannan zane, shi ma daga baya ya riƙa musu. Abin da ba a gardama a kansa shi ne ɗakin aikinsa ya cika da irin waɗannan kaya, har da na Kota da na Punu, kuma zanen Turai bai sake komawa tsohuwar hanyarsa ba.

Ni dai ban ga laifi a aro ba. Fasaha da aro take rayuwa. Zayyanar da ke jikin Alƙur'anan ƙasar Hausa da salon rubutunsu suna da dangi a Borno da Magrib, babu kuma wanda ya ce mun yi sata. Mai zanen da ya ga aikin wani masassaƙi ya girgiza, ya koma gida ya canja hannu, ya girmama wannan masassaƙi ta hanyar da ta fi kowace. Inda gizo ke saƙa shi ne, mun san faran 50 Derain ya biya, mun san sunan titin da shagon Matisse yake, mun san wanda ya zuba kwafin fuskar nan da tagulla, wato dillalin zane Ambroise Vollard, amma babu wanda ya rubuta sunan mutumin da ya zauna da gizago da wuƙa ya fitar da ita daga gungume. Tana cikin tarin gidan zane na Pompidou, ana kiranta da sunan Vlaminck da Derain, kamar su suka haife ta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wasu masana ma suna ganin tun asali an sassaƙa ta ne domin a sayar wa baƙi. In haka ne, to mutumin nan ɗan kasuwa ne da ya karanci idon mai saye, ya yi masa abin da zai so, kuma abin ya fi ƙarfin abin da ya zata.

Baje kolin da ya fi kowane fitar da maitarsa a fili shi ne na 1931, na ƙasashen da aka mallaka zalla, a dajin Vincennes, ƙarƙashin jagorancin Marshal Lyautey. Daga Mayu zuwa Nuwamba an sayar da tikiti kusan miliyan 33. Rumfar Afirka ta Yamma, wadda Nijar ke cikinta, an yi ta kamar ginin ƙasa irin na Djenné da Tumbuktu, masaƙa da maƙera da dukawa suna aiki a gaban jama'a. Rumfar Afirka ta Tsakiya, wadda Gabon ke cikinta, an ɗauko siffarta daga dogayen ɗakunan Musgum. A daidai lokacin kuwa ana shimfiɗa layin dogo daga Pointe-Noire zuwa Brazzaville, aikin tilas da aka fara a 1921 aka gama a 1934, wanda ya ci rayukan ma'aikata aƙalla 17,000. Wannan bai shiga rumfa ba. Wasu marubuta da masu zane na Faris sun raba takarda suna kiran jama'a da kada su je, suka shirya nasu ɗan nunin na tona asiri, amma waɗanda suka leƙa shi 'yan dubbai ne kawai.

Babban ginin da ya rage daga wannan taro shi ne fadar Porte Dorée. Duk gabanta sassaƙen dutse ne na Alfred Janniot, faɗinsa ya haura murabba'in mita 1,100. Aiki ne na gwani, babu musu. Mutane ne da yawa a jiki, baƙaƙe da 'yan Asiya, kowa a sunkuye yana noma ko dako ko sara ko su, dukiyar tana gangarowa zuwa ga wata mace a tsakiya wadda ke wakiltar Faransa. Sunan Janniot yana cikin kowane littafi. Tun 2007 ginin ya zama gidan tarihin baƙin haure, wato na jikokin mutanen da ke sunkuye a bangonsa.

To ina Bahaushe a cikin wannan duka? Wanda ya fi fito da mu fili shi ne baje kolin da Ingila ta yi a Wembley, a gefen Landan, a 1924 da 1925. An gina wa Afirka ta Yamma wani gari mai ganuwa irin ta biranen ƙasar Hausa, aka kawo masu sana'a daga Nijeriya, har da Hausawa, suna aiki ana kallonsu. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya ziyarci wurin. Irin rubutun wulaƙancin da jaridun Landan suka yi a kan mutanen da ke cikin ganuwar ya fusata ɗaliban Afirka da ke karatu a can, kuma yana cikin abin da ya ingiza Ladipo Solanke da abokansa suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma a 1925.

Sai dai rabon da aka yi wa kayanmu ya sha bamban da na kayan Fang. Tunda mu ba masu sassaƙa siffar mutum ba ne, masu zanen Turai ba su sami abin da suke nema a wurinmu ba. Fasaharmu tana jikin babbar riga mai aska takwas, da baƙin rini mai sheƙi na Kura da Ƙofar Mata, da sirdi da linzami, da adon bango da dagi a ƙofar zaure, da tasoshin tagulla, da zanen ƙwarya. Wannan duka sai aka jera shi a sahun haja, kusa da gyaɗa da auduga da kuza da ƙiraga. Na maƙwabtanmu an kira shi fasaha an cire sunan mai yi, namu kuwa ko sunan fasahar bai samu ba. Kuma wannan ba sabon abu ba ne a gare mu. Jemammiyar fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta daɗe tana ƙetare Sahara, ana sayar da ita a tashoshin arewacin Afirka, Turawa suna yi wa littattafansu masu tsada bango da ita, suna kiranta fatar Maroko. Majemin Kano ya yi aiki, tashar da aka yi lodi ta ɗauke suna.

Akwai kashi na biyu na labarin, wanda ba mu cika son faɗa ba. Bayan da masu zanen Faris suka sa fuskokin itace suka yi daraja, sai kasuwa ta buɗe, kuma duk inda kasuwa ta buɗe a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, da wuya ka rasa Bahaushe a ciki. Daga wajen shekarun samun 'yancin kai, fataucin sassaƙe-sassaƙe ya zama sana'ar Hausawa da yawa, tare da Wolof da Mande. Wani masani Ba'amurke, Christopher Steiner, ya zauna da su a kasuwannin Abidjan ya rubuta littafi a kansu wanda ya fito a 1994. Kafin nan, a 1992, an yi wani fim mai suna In and Out of Africa, wanda ya bi wani bafatake Bahaushe ɗan Nijar, Gabai Baaré, daga ƙauyukan Kodebuwa har Amurka. Fatakenmu ba sa kiran kayan nan da wani suna mai nauyi. Itace suke ce masa, kamar yadda wani zai ce goro ko kanwa.

Waɗannan fatake sun karanci Bature sarai. Sun gane ba kyau kaɗai yake saye ba. Yana son abin da ya tsufa, wanda aka yi rawa da shi ko aka zuba masa jini, wanda mai yinsa ya mutu tun kafin zuwan Turawa, kuma ba a san shi ba. In ka ce masa wane ne ya sassaƙa wannan a Foumban watan jiya, ga sunansa ga unguwarsu, farashi ya faɗi warwas. Saboda haka aka koyi tsofar da sabon itace: a rataye shi a madafa ya sha hayaƙi da kunkunniya, a shafa masa man kaɗanya, a tofa masa tauna ta goro, a binne shi gara ta ɗan taɓa. Masassaƙan Foumban a Kamaru sun ƙware wajen fitar da salon Fang da na Kota da na Punu, fatake suna kwasa zuwa Douala da Libreville da Faris. Ba na kawo wannan domin in wanke kowa ko in ɗaure kowa. Mai saye ne ya kafa doka cewa suna yana rage kuɗi, dillali ya bi doka ya ci abinci. Amma gaskiya ita ce, shafe sunan da aka fara a filin baje koli, da hannunmu aka ci gaba da shi a kasuwa.

Yanzu ga inda zance ya juya. A watan Satumba na 2021 wasu tsofaffi, miji da mata, suna kwashe tarkace daga wani gidansu a kudancin Faransa, suka sayar wa wani mai sayen tsofaffin kaya wata fuskar itace a kan Yuro 150. Da kuɗinmu sefa dubu 98 ke nan, ko jaka ɗari bai cika ba. A watan Maris na 2022 aka yi gwanjonta a Montpellier, aka buga ƙararrawa a kan Yuro miliyan 4 da dubu 200, wato sama da sefa biliyan 2 da miliyan 700. Fuskar ta Ngil ce, wata ƙungiyar Fang da a da take bin dare tana farautar matsafa da masu laifi tana yanke hukunci, har Turawan mulki suka hana ta. Irin waɗannan fuskoki da suka rage a duniya ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma tun a 2006 an sayar da wata a gidan gwanjo na Drouot a Faris a kan Yuro miliyan 5 da dubu 900. 'Yan Gabon mazauna Faransa sun tashi a zauren gwanjon na Montpellier sun yi bore. Tsofaffin suka kai ƙara cewa an cuce su, gwamnatin Gabon ta shigo shari'ar tana neman a dawo da kayanta. A watan Disamba na 2023 kotun Alès ta kori buƙatun duka biyu, mai sayen tarkace ya tafi da kuɗinsa.

Me ya ɗaga itacen nan daga jaka 98 zuwa biliyoyi? An gwada shekarunsa a ɗakin bincike, wannan ɗaya. Na biyu kuma, wanda ya fi nauyi, an iya nuna hannun da ya bi: wani gwamnan mulkin mallaka, kakan iyalin, shi ya zo da shi daga Afirka wajen 1917. A kasuwar yau, takardar da ke jera hannayen da kaya ya bi ita ce rabin kuɗinsa. Duk watan Satumba ana yin wani baje koli a unguwar Saint-Germain-des-Prés da ke Faris, Parcours des Mondes, inda manyan dillalan irin waɗannan kaya ke haɗuwa, kuma kowane kaya da salsalarsa a rubuce, kamar ta dokin sarki: daga tarin wane, zuwa tarin wane, an nuna shi a wuri kaza shekara kaza. Ku duba salsalar da kyau. Kusan kullum daga Bature na farko take farawa. Abin da ya gabaci wannan, wane ƙauye, wane gida, saye aka yi ko kyauta ko ƙwace, babu.

Wannan giɓi shi ne ainihin abin da ake shari'a a kansa. A Nuwamba 2017 shugaban Faransa Emmanuel Macron ya yi alkawari a Wagadugu cewa za a fara mayar da kayan tarihin Afirka. Rahoton da Felwine Sarr da Bénédicte Savoy suka miƙa masa a 2018 ya ce akwai kayan Afirka ta kudu da Sahara kusan 90,000 a gidajen tarihin gwamnatin Faransa, kusan 70,000 daga ciki a gidan Quai Branly kaɗai, wanda ya gaji tarin Trocadéro da na Porte Dorée. A 2021 an mayar wa Jamhuriyar Benin guda 26. An iya mayar da su ne domin an san ranar da aka kwashe su daga fadar Abomey da sojan da ya kwasa. Kayan da ba a san hanyarsa ba, mai shi ba shi da bakin magana a gaban alƙali.

Wa ya san hanya a ɓangaren Afirka? Masu kayan na asali, in akwai sauran tsofaffinsu. Bayan su kuwa sai fatake. Hausawa sun fi shekara ɗari a Woleu-Ntem, a Oyem da Bitam da Minvoul, a tsakiyar ƙasar Fang, tun zamanin da ake shigowa ta Kamaru da ƙafa. Akwai iyalanmu da ke jin Fang kamar Hausa, sun yi maƙwabtaka da auratayya, kakanninsu sun ga lokacin da 'yan mishan da masu wa'azin sababbin addinai ke sa mutane su zubar da akwatunan byeri, wato na ƙasusuwan kakanni da siffofin da ke gadinsu. Akwai kuma dattawan da suka yi fataucin itace tsakanin Foumban da Douala da Libreville da Lome da Abidjan shekara talatin, arba'in, waɗanda in ka nuna musu hoton wani sassaƙe za su gaya maka hannun wane ne, ko aƙalla garin da aka yi shi, su kuma bambance maka tsohon gaske da wanda aka tsofar a madafa. Wannan ilimi ba ya cikin littafi. Yana cikin kan mutanen da ke zaune a kan tabarma bayan La'asar, kuma duk jana'izar da muka raka, wani ɓangarensa muke binnewa.

Na san abin da wasunmu za su ce. Za su ce waɗannan gumaka ne, mu Musulmi ne, ba ruwanmu da rigimar masu su. Ban nemi kowa ya ajiye byeri a ɗakinsa ba. Abin da nake magana a kai shaida ce, kuma ba da shaida a kan dukiyar maƙwabci da aka ɗauka ba ya buƙatar ka yi imani da abin da maƙwabcin ya yi imani da shi. Ga kuma lissafin zaman duniya. Mu 'yan tsiraru ne a nan, kuma kowa ya san yadda har yau akan kalli mai suna Garba ko Ɗanladi a tambaye shi takardar zama, ko da kakansa a Bitam aka haife shi. Al'ummar da ta kawo wani abu ga tarihin ƙasa, wanda ba a iya samu a wurin kowa sai ita, ta kafa hujjar zamanta da abin da ya fi katin shaida ƙarfi.

Wasu kuma, musamman 'yan kasuwa, za su ce asirin bafatake shi ne jarinsa, wanda ya faɗi inda yake saro kaya ya kashe kasuwarsa. Wannan hujja tana da ƙarfi ga mai jini a jika da ke kan fatauci. Ga dattijon da ya ajiye jaka shekara ashirin da suka wuce, wanda masassaƙansa sun rasu, masu sayensa sun rasu, asirin bai tsare masa komai ba. Kuma ana iya yin abin da mutunci, a ɗauki magana a ajiye, a yi sharaɗin kada a fitar da wani ɓangare sai bayan ransa.

Bai kamata ma a koya mana darajar suna daga waje ba, don mun san ta tun kafin a yi Eiffel. Babban masallacin Juma'a na Zariya, wanda aka gina a zamanin Sarki Abdulkarimu a ƙarni na 19, kowa ya san magininsa, Muhammadu Durugu, Babban Gwani, kuma zuriyarsa sun riƙe sarautar magina. Masallacin Yama da ke yankin Tawa a Nijar, wanda aka fara a 1962 ya kuma ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, an san Falke Barmu ne ya gina shi. Makaɗa kuwa ba a magana, babu wanda zai ji waƙa ya ce ta “ƙabilar Hausa” ce, sai ya ce ta Shata ce ko ta Ɗanƙwairo. A ɗinki da jima da rini ne muka yi sake. Mutum zai sa rigar da aka yi wata uku ana yi mata aiki da allura, ranar Salla ya fito ana yaba shi, in ka tambaye shi wa ya zana askar, wa ya ɗinka, sai ya ce daga Kano aka kawo, ko daga Zariya. Amsar da allon Trocadéro ke bayarwa ke nan: gari da ƙabila, ba mutum. Ga shi kuma aikin inji na kwamfuta ya cika Mont-Bouët, yaran da ke tasowa a nan ba su iya bambance shi da na hannu, balle su san cewa hular da ke kan babansu wani ne ya zauna ya kirga zarenta ɗaya bayan ɗaya.

Ita Faris ɗin ta fara gyara nata, ko da a makare. A 1989, shekara ɗari cif bayan ƙauyen Pahouin, an yi wani nuni mai suna Magiciens de la Terre, inda aka jera masu fasaha kusan ɗari, rabinsu daga wajen Turai da Amurka, kowa da sunansa: Chéri Samba na Kinshasa, Esther Mahlangu ta Afirka ta Kudu, Frédéric Bruly Bouabré na Kodebuwa. An soki nunin ta fuskoki da dama, amma daga ranar ya yi wuya a sake rataye aikin ɗan Afirka mai rai a rubuta sunan ƙabila kawai a ƙasansa. A 2024 gidan Quai Branly ya ba Myriam Mihindou, haifaffiyar Libreville, fili ta yi nata nunin a kan kukan makoki na matan Punu.

Abin da ya rage namu ba ya buƙatar tallafin kowace gwamnati. Kowane saurayi a Derrière la Prison yana da wayar da ke ɗaukar murya da hoto. Jami'ar Omar Bongo ba ta da nisa da mu, tana da sashen nazarin al'ummu, akwai kuma 'ya'yanmu a cikinta. Gidan tarihi na ƙasa yana bakin teku, an sake buɗe shi a sabon mazauni a 2019. A zaɓi dattawa biyar ko shida da suka yi fatauci ko suka tashi a Woleu-Ntem, a je musu da goro da ladabi, a tambaye su garuruwa da hanyoyi da sunaye, a rubuta da Hausa a fassara da Faransanci, a ajiye kwafi a masallaci, kwafi a jami'a. In kuma an sake kiran al'ummu su fito bikin al'adu irin Fête des Cultures da aka fara a birnin nan zamanin da Paul Mba Abessole ke magajin gari, kada rumfarmu ta tsaya ga kilishi da kalangu da 'yan mata masu lalle. A rataye riguna da huluna da takalma da alluna masu zayyana, kowanne da 'yar takarda a ƙasansa: sunan wanda ya zana, sunan wanda ya ɗinka, garinsu, shekarar da aka yi, da kwana nawa aikin ya ci. Wanda ba a san mai yinsa ba, a buga waya Kano ko Zinder ko Garwa a tambayi wanda ya aiko da shi, tun yana da rai.